Tururuwa a Ƙoƙon Nono

Barka na je, ita ta tono mini wannan tsohon zance. 'Yar wata ƙawata ce ta haihu a ɗaya daga cikin sababbin gidajen nan na bayan gari, masu doguwar katanga da ƙofar ƙarfe, na hau keke na tafi ganin jariri. Na buga ƙofa har hannuna ya yi zafi, sai da mai keken ya tausaya mini ya kira ta a waya, sannan ta taso da kanta ta buɗe, mai jego ta kwana tara. Na shiga na tarar da gida tsaf, ga fanka, ga firij, ga ruwan zafi a filas, amma babu mutum ko ɗaya. Mijin yana ofis, uwarta kuma ta koma garinsu washegarin suna. Jaririn kuma ba shi da lafiya, an ce da lalurarsa aka haife shi, kuma ba ya yarda a cire shi daga nono. Na dubi idon yarinyar nan na ce mata, "Yaushe rabonki da barci?" Ta yi dariya ta ce, "Hajiya, ai na manta kamanninsa." Na dawo gida na kasa cin tuwo, domin na san idon nan, na taɓa ganinsa a madubin Innata.

Gidan da na tashi a cikin Kontagora ba a buga masa ƙofa, don babu ƙofar da za a buga. Zaure ne da asabari, sai katangar ƙasa wadda mace in ta ɗaga dunduniya za ta ga abin da kike dafawa, ta kuma gaya miki gishiri ya yi kaɗan. Da sauti muke sanin lokaci. Bayan kiran salla sai guga ta fara faɗawa rijiya, sai taɓare su ɗauka daga gida zuwa gida, har kina iya gane wace ce ke daka da wadda ta tashi da fushi. Da hantsi 'yan Fulani su shigo da tallan nono, ranar Lahadi kuma ƙararrawar coci ta taso daga can ƙasan unguwa, mu san yau maƙwabciyarmu ba za ta leƙo ba sai azahar. Mata suna kiran juna ta kan katanga, wannan da Hausarta ta Kambari, waccan da ta Nufawa, kowa ya karya harshen yadda ya ga dama, kuma babu saƙon da ya taɓa ɓata. Yanzu ina zaune a tsakar gida sai in ji injin niƙa da janareto da hon ɗin masu mashin. Ba na jin dakan kowa, saboda haka ban san wa ke da lafiya ba.

A Dukku aka yi mini aure, wajen wani manomi mai haƙuri. Da cikina na fari ya tsufa aka ɗoro ni a mota aka kawo ni gida, kamar yadda ake yi wa kowace 'ya, in haihu a gaban iyayena. Cikin damina na sauka, aka sami namiji. Ba zan faɗi sunansa ba, har yau bakina bai iya ba. 'Yan yanzu ba za su gane wannan ba, su da ke ɗaga ɗan fari sama suna sumbatarsa a gaban surukai, suna kiransa da sunaye iri bakwai. Mu a wancan lokaci kunyar ɗan fari ado ce. Ba ki kiran sunansa, ba ki yi masa wasa a gaban manya, in yana kuka sai an ce miki "ɗauke shi mana" sau biyu kafin ki miƙa hannu, kina kawar da kai kamar ɗan wata aka ba ki. In aka tambaye ki lafiyarsa ki yi shiru, wata ta amsa. Ni kuwa na ɗauki abin da gaske, don ina so a ce 'yar gidan nan ta san ya kamata.

Gwaggo, yayar Babana, ita ce mai yi mini wankan jego. Doguwa ce, ba ta da yawan magana, kuma ba ta haihu ba, ita ta goye ni tun ina ƙarama. Safe da yamma za ta hura wuta a ƙarƙashin babbar tukunya har ruwa ya yi ta tsalle, ta zaunar da ni a kujera a bayan ɗaki, ta tsoma ganyen darbejiya ta riƙa fyaɗa mini. In na yi ƙara ta ce, "Yi ta yi, ba ki da wanda zai cece ki a garin nan." Daga nan sai kunun kanwa cikin ƙwarya, da naman ƙauri mai yaji har kunne ya yi zafi. Ba na ce a dawo da wannan duka ba. Likitoci sun ce kanwar nan da zafin nan sun kumbura mata da yawa, kuma na yarda, don na ga waɗanda suka tafi ta haka. Amma mai jego a lokacin ba ta ɗaga ko tsintsiya. Aikinta ta ci, ta yi wanka, ta ba da nono, ta yi barci.

Barcin ne ni ban samu ba. Yaron zai kama nono da ƙarfinsa, ya ja sau huɗu ko biyar, sai ya saki yana haki kamar wanda ya hawo tudu da kaya. Goshinsa ya jiƙe da gumi ko da ana ruwan sama, leɓensa ya yi duhu. Ya huta kaɗan, yunwa ta tashe shi, ya sake kamawa, ya sake saki. Haka muke yi daga fitowar rana zuwa wata fitowar, bai ƙoshi ba, ni ban kwanta ba. Ni kaɗai nake ganin gumin nan da leɓen nan, domin ni kaɗai ke kallonsa yana sha, a ɓoye, ƙarƙashin mayafi. Sauran mutanen gida abin da suke gani kawai yaro ne mai kuka wanda ba ya ƙiba. Na san akwai abin da ke damunsa a ƙirji, amma ta yaya zan buɗe baki in ce na ƙura wa ɗan fari ido har na san launin leɓensa?

Gajiyar da na yi ba irin ta noma ko daka ba ce, wadda in ka kwanta take sauka. Sai in tsaya ana yi mini magana, ina ganin bakin mutum yana motsi, ban san me yake cewa ba. Ludayi ya sulale daga hannuna, kunu ya zube a zanina ban ji zafinsa ba. In guga ta yi ƙara a rijiya sai in zabura, in ji kamar kukansa ne. Akwai ranar da na yi ta neman yaron a kan gado hankalina a tashe, alhali yana ƙirjina. Na fara jin haushinsa, kuma ina faɗin wannan ne don gaskiya ce. Wata safiya, ana cikin mako na uku, Gwaggo ta juya ta ɗauko ganye, barci ya sace ni a kan kujera, na tafi gaba ɗaya zan kifa cikin tukunyar ruwan da aka sauke yanzu. Ta cafke damtsena har farcenta ya shiga, tabon yana nan. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta gama mini wanka ta mai da ni ɗaki.

Kwana biyu bayan haka surukata ta zo daga Dukku da buhun dawa da kaji. Ta karɓi jikanta, ta ɗaga shi, ta auna shi a hannu, fuskarta ta canza. Ta ce, "Wannan yaron ai ya fi haka ranar suna. An kuwa gwada nonon?" A zamaninmu in jariri ba ya ci gaba, nonon uwa ake fara tuhuma. Gwajin kuma sananne ne: a tatsi nonon a ɗan ƙoƙo, a jefa tururuwa a ciki. In ta yi iyo ta fito, nono lafiya lau. In ta mutu, nonon mugu ne, sai a cire yaro kwana uku ana ba shi madarar shanu, ita uwar ana ba ta saiwoyi tana sha tana wanke nonon har ya gyaru. Abin kunya ne babba ga mace a ce nononta ya kashe tururuwa, sunan yakan bi ta har tsufa.

Da hantsi aka yi, a gindin bishiyar mangwaro ta tsakar gida. Inna da surukata suka zauna a tabarma, maƙwabta biyu sun ɗora haɓa a kan katanga. Na tatsa a ɗaki na miƙo, na zauna a bakin ƙofa na ja mayafi na rufe fuska. Gwaggo ce babba, ita ta karɓi ƙoƙon, ta karyo tsinke, ta ɗauko tururuwa daga gindin bishiya, ta tsuguna ta sunkuya a kai. To a nan ne na yi abin da na ɓoye shekara da shekaru. Ina ƙarƙashin mayafin nan, na san sarai nonona ba shi da laifi, amma na roƙi Allah da dukan zuciyata tururuwar nan ta mutu. Ban yi tunanin suna ba, ban yi tunanin yaron ba. Kwana ukun nan kawai nake hange, a ɗauke shi in kwanta. Can Gwaggo ta miƙe ta kai musu ƙoƙon ta ce, "Ta mutu." Surukata ta yi salati, Inna ta sunkuyar da kai, ni kuwa daɗi ya rufe ni har na ji tsoron kar a gani a jikina.

Aka ɗauke shi aka kai ɗakin Inna. Na kwanta rana ba ta kai tsaka ba, ban san an yi azahar ba, ban san an yi dare ba, ban san gari ya waye ba. An ce Gwaggo ta hana kowa tashina, har wankan yamma ta ɗage, abin da ba a taɓa ji ba. Na yi barci a gado mai katifa tun daga lokacin, na yi a ɗaki mai sanyin inji, amma ban sake samun mai daɗin wannan ba, kuma ban taɓa tuna shi ban ji kunya ba.

La'asar ta washegari na farka, ƙirjina ya yi tauri kamar dutse, rigata ta jiƙe. Na kasa kunne ban ji kuka ba, sai wani ɗan sauti siriri daga tsakar gida. Na fito ina dafa bango. Surukata na riƙe da shi, Inna na ƙoƙarin ɗura masa madara da ƙaramin ludayi, tana zubowa ta gefen bakinsa. Madarar ba ta karɓe shi ba, tun safe yake gudawa. Idonsa ya zurma, maɗigarsa ta faɗa ciki. Na tsaya a kansu, sai na ji muryata ta fito da kanta.

"Ku ba ni ɗana."

Inna ta saki ludayi. Surukata ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Me kika ce?"

"Ku ba ni ɗana, Iya. Ba nono ba ne. In yana sha gajiya yake yi, goshinsa ya yi gumi, leɓensa ya yi baƙi. Numfashinsa ne. Ni nake kallonsa kullum, na sani."

"Ikon Allah," in ji surukata. "Yau na ga 'yar zamani. A gabana kike ce masa ɗanki? To kwana uku ba su cika ba, kuma ni ba zan miƙa jikana ga nonon da ya kashe tururuwa ba."

Inna ta rufe fuska da hannu biyu don kunya. Gwaggo tana bakin murhu, ta taso ba gaggawa, ta sa hannu ta zare yaron daga cinyar surukata. Ta ce, "Ni na yi gwajin, ni kuma na ce ya isa. In wani abu ya same shi, ni za ki tambaya." Ta ɗora mini shi. Na zauna nan a ƙasa, a gaban kowa, ko mayafi babu, na ba shi. Ya daɗe bai kama ba. Na riƙa matsa masa a baki kaɗan-kaɗan, ina kiransa a hankali da wani suna da na laƙaba masa a ɓoye, har na ji ya ja. Surukata ta tattara kayanta ta bi motar safe, ta shekara ba ta amsa gaisuwata da daɗi ba.

Maƙwabciyarmu mai zuwa coci, Bakambariya ce, mu yara Mama Ibeto muke ce mata saboda garinsu, duk abin nan a kan idonta aka yi. Da safe sai ga ta ta zagayo ta zaure da zaninta na aiki, tana ƙanshin man kaɗe da take dafawa. Ta same ni ina gyangyaɗi da yaron a hannu. Ita kowa "kai" take ce masa, mace ko namiji. Ta ce, "Kai yarinya, yaro yana da ciwo nasa, kai ma kana da naka. Naka barci ne. Matsa gaba." Ta zauna a bayana ta jingina da bango, ta miƙe ƙafafunta ta sa ni a tsakani, ta jawo ni na kwanta a ƙirjinta, ta zagayo da hannayenta ta tallafe yaron a kan nono. Ta ce, "To rufe ido. In ya saki ni zan mayar, in ya gama wannan ni zan juya shi. Kai ba ruwanka." Na yi barci ina shayarwa, ina jin bugun zuciyar matar nan a bayana.

Daga ranar abin ya zama aikin unguwa, ba tare da an zauna an raba ba. Mama Ibeto in ta sauke man kaɗenta ta zo. Matar mahauci ta zo bayan azahar, ita ba ta iya shiru ba, tana riƙe da mu tana ba Inna labarin kasuwa, ni ina ta minshari. Akwai wata Banufiya mai ƙiba wadda na fi son zamanta, har ta riƙa tsokanata wai na mai da ita katifa. Amma Gwaggo ta fi kowa daɗewa a bangon nan, duk ƙasusuwanta suna sukata, sai ƙafarta ta mutu ba ta motsa ba. Yaron yana sha kaɗan-kaɗan, sau ba adadi, ya fara ɗan cika hannu. Bayan arba'in Mama Ibeto ta matsa wa Babana lamba sai da aka kai shi asibiti. Likita ya saurari ƙirjinsa ya ce da 'yar huda a zuciya aka haife shi, zai rayu da ita in an kula, kuma wannan shan kaɗan-kaɗan ɗin shi ya riƙe shi. Bai taɓa riƙe fartanya ba a gidan manoma, bai yi guje-guje da yara ba, mun sha hanyar asibiti har mun san kowane rami. Ɗinki ya koya. Yanzu gemunsa ya yi fari, in ya hau matakala uku sai ya tsaya ya huta, amma yana nan da iyalinsa.

Ina jin 'yan yanzu suna cewa da can jahilci ne ya yi yawa, kuma ba na musu, tun da ni aka gwada wa nono da tururuwa. Yau da an haifi irinsa za a sa masa na'ura a gano ciwon, a rubuta magani, ba mai zargin uwa. Wannan alheri ne, na gode wa Allah da ya nuna mini. Sai dai na lura maganin duk na jariri ne. Ita uwar ana ce mata ta daure, ta ci abinci mai kyau, ta riƙa hutawa, amma ba a gaya mata wa zai riƙe yaron ba. Ina kewar matan nan ƙwarai, babu ɗaya da ta rage.

Gwaggo ta tsufa a hannuna. Wata rana da hantsi na fito da ita rana, na ɗora ƙafarta ɗaya a cinyata ina shafa mata man kaɗe, sai na ji ba zan iya barinta ta tafi ban faɗa wa kowa ba. Na ce, "Gwaggo, kin tuna ranar da aka gwada nonona? Ni na roƙi Allah tururuwar nan ta mutu. Don in yi barci na kusa kashe yaron nan."

Ta yi wata 'yar dariya ba haƙori. Ta ce, "Ke har kin isa? Tururuwar nan sau biyu tana fitowa. Ni na mai da ita da tsinke na danne."

Hannuna ya tsaya. Na ce, "Gwaggo!"

Ta ce, "Kowa yaron yake kallo, ke ba mai kallonki. Ni na tare ki a bakin tukunya. In na ce a bar ki ki huta, a ce raguwa ce, ke ma da kunyarki ba za ki yarda ba. Mugun nono kaɗai ke sa a ɗauke wa mace ɗa ba a tambaye ta ba. Kwana uku na nema miki, ban san madarar za ta yi masa haka ba."

Na ce, "Da ya mutu fa?"

Ta ce, "Da ni na kashe shi. Kullum ya zo gaishe ni sai na saurari numfashinsa kafin in amsa. Ban taɓa gaya wa kowa ba, ina tsoron ki tsane ni."

Na ce mata babu komai tsakaninmu sai alheri, duniya da lahira, na maimaita don kunnenta ya yi nauyi. Ta gyaɗa kai. Na jawo ɗayar ƙafar na ɗora a cinyata ina shafawa, hawaye na zuba a kai, kafin in kai idon sawu barci ya ɗauke ta. Na matsa na zauna a bayanta, na jingina ta da ƙirjina, ban motsa ba har aka kira azahar.